Zubin 2022: shekara uku bayan an sa hannu, A&M ko Texas wa ya ci kasuwa?

Baban Ummi (Houston): Assalamu alaikum jama'a. Na daure sai da aka kammala zaɓen 'yan wasa na 2025 na NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a Green Bay kafin in taso da maganar nan, don kada a ce na yi gaggawa. Injiniya, kana kusa? Shekara uku ke nan da ka hana mu sakat a gidan nan. Ka ce Texas A&M ta ɗebi yaran da ba a taɓa ɗibar irinsu ba, 'yan tauraro biyar har takwas a zubi ɗaya, ka ce mu 'yan Jami'ar Texas da ke Austin mu nemi wata sana'a. To yaran sun girma, sun isa shiga NFL. Zo mu baje kolin a gaban jama'a.

Injiniya Aggie: Wa'alaikumussalam Alhaji. Ina nan, ban gudu ba. Baje mana. A zagayen farko, Walter Nolen na 16, Shemar Stewart na 17. Su biyun a College Station, garin jami'armu, suka sa hannu a zubin 2022. Ku fa daga zubinku na waccan shekarar? Kelvin Banks kaɗai, na 9. Biyu da ɗaya. Ko lissafin ma sai an kira Malam?

Baban Ummi (Houston): Nolen? Kai yaro ka ji tsoron Allah. Da aka kira sunansa Arizona ta ɗauke shi, makarantar da aka ambata Ole Miss ce. Ɗan da ka raina shekara biyu ya tsallake ya koma gidan maƙwabci, ranar aurensa kuma ka zo kana karɓar barka.

Ɗan Fagge: Don Allah ku dakata. Ni fa a Kano nake, ƙanina ne ya jefa ni gidan nan. Ƙwallon da na sani ta Arsenal ce. Mene ne tauraro biyar, kuma wa ke rabawa? Sannan yaya za a yi jami'a ta riƙa sayen 'yan wasa?

Malamin Lissafi: Ɗan Fagge, bari in taƙaita maka. A Amurka ƙwallonsu ta hannu da kwalkwali ba ta da makarantun horar da yara irin na kulob-kulob ɗin Turai. Yaro yana bugawa a sakandare, daga nan jami'a ta ɗauke shi ta biya masa karatu, sai ya yi aƙalla shekara uku da gama sakandare kafin NFL ta iya zaɓarsa. Akwai kamfanoni irin su 247Sports da Rivals da ESPN da On3, aikinsu ke nan su bi yaran sakandare suna kallon wasanninsu, su ba su taurari. Biyar ce ƙoli, kuma a duk faɗin ƙasar 'yan tauraro biyar ba sa wuce talatin da 'yan kai a shekara. Duk yaran da jami'a ta ɗauka a shekara ɗaya su ne muke kira zubi. Sai a tara makin yaran a jera jami'o'i. A 2022 jerin 247 ya tashi haka: A&M ta ɗaya, Alabama ta biyu, Georgia ta uku, Ohio State ta huɗu, Texas ta biyar.

Abin da ya sa waɗannan biyun ke ta da jijiyar wuya kuwa, tsakanin Austin da College Station tafiyar awa biyu ce a mota. Gona ɗaya suke girbi: sakandarun Houston da Dallas da gabashin Texas. Yaron da ɗaya ta rasa, sau da yawa ɗayar ce ta samu.

Ɗan Fagge: To na gane. Wato kamar kasuwar musayar 'yan wasa, sai dai yaran ko gemu ba su yi ba.

Bazazzagin Tuscaloosa: Kuma kasuwar ta gaske, da kuɗi a hannu. Ai abin da kocinmu na Alabama a lokacin ya faɗa ke nan aka yi masa ca. Mayun 2022 a Birmingham, Nick Saban ya ce A&M ta sayi kowane yaro a zubin nan. Washegari Jimbo Fisher, kocin A&M a lokacin, ya kira 'yan jarida ya zazzage masa kwandon zagi, har da cewa wasu mutane na ɗaukar kansu alloli, wa'iyazu billahi. Mutumin da ya yi aiki a ƙarƙashinsa a LSU fa. Greg Sankey, shugaban SEC, rukunin jami'o'in da suke bugawa a ciki, sai da ya tsawata musu su biyun a bainar jama'a. Yanzu lokaci ya nuna wa ke da gaskiya.

Injiniya Aggie: Laifi tudu ne. Tun 1 ga Yulin 2021 doka ta halatta wa yaro ya ci kuɗin sunansa, abin da ake kira NIL. Kowa ya shiga kasuwar. Abin da ya ƙona wa Saban rai shi ne a Oktoban 2021 mun doke shi 41 da 38 a filinmu Kyle Field, Jimbo ya zama yaronsa na farko da ya taɓa kayar da shi, sannan bayan wata biyu muka kwashe yaran da ya saba kwashewa. Kuma Alhaji kada ka yi shiru kamar ba ka san komai ba. Disambar 2021 ba wata ƙungiya mai suna Horns with Heart ce ta yi shelar dala dubu 50 a shekara ga kowane ɗan katangar Texas, wato ƙattin da ke kare mai jifa, ba? A watan nan ne Banks ya bar Oregon ya zaɓi Austin. Mu in mun biya sayayya ce, ku in kun biya sadaka ce?

Baban Ummi (Houston): Banks ya bar Oregon ne saboda Mario Cristobal ya tafi Miami, kowa ya san wannan. Amma na yarda, kowa ya biya. Ban taso da maganar don halak ko haram ba. Tambayata ita ce me kuka samu da kuɗinku. Satumbar 2022, Appalachian State ta zo har Kyle Field, gaban mutum kusan dubu ɗari, ta ci ku 17 da 14. Makarantar da ku kuka biya ta kuɗi don ta zo ku yi atisaye da ita. Shekarar ta ƙare kun ci 5 an ci ku 7, ko wasan ƙarshen kaka ba ku samu ba. Nuwamban 2023 kuka sallami Jimbo da sama da dala miliyan 75, sallamar da ba a taɓa biyan irinta ba. Yaran kuwa suka yi ta zarewa ɗaya bayan ɗaya. Denver Harris ya tafi LSU. Evan Stewart Oregon. Nolen Ole Miss. LT Overton ya koma Alabama, wajen Bazazzagi. Conner Weigman, mai jifan da kuka ce shi ne magajin tsohon tauraronku Johnny Manziel, ya koma nan unguwarmu, Jami'ar Houston. Shemar Stewart ne ya zauna, Allah ya saka masa, amma a shekara uku sau huɗu da rabi ya kayar da mai jifa. Cincinnati ƙirar jikinsa ta saya.

Injiniya Aggie: Kocinku Sarkisian ma a shekararsa ta farko 5 da 7 ya yi. Kansas ta ci ku 57 da 56 a Austin. Kansas fa, Alhaji, makarantar ƙwallon kwando.

Baban Ummi (Houston): Mu bayan namu 5 da 7 ɗin mun je Tuscaloosa, gidan Alabama, mun ci 34 da 24, mun ɗauki kofin Big 12, rukuninmu na lokacin, mun kai wasan kusa da na ƙarshe na kofin ƙasa sau biyu a jere. Ku bayan naku kun biya miliyan 75.

Bazazzagin Tuscaloosa: Ni me na yi aka jawo ni ciki?

Malamin Lissafi: Ku bari in raba, don tambayoyi biyu ne kuke cakuɗawa. Ta farko: masu raba taurari sun yi daidai a kan yaran? Ta biyu: makarantar ta amfana da su? A ta farko Injiniya na da gaskiya. Nolen da Stewart an ce manya ne tun suna sakandare, kuma ga su a zagayen farko. Travis Hunter shi ne na ɗaya a yaran 2022 gaba ɗaya, ya ci Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'o'i, a 2024, Jacksonville ta ɗauke shi na 2. Banks ma tauraro biyar ne. Masu kallon nan ba bokaye ba ne, amma ba makafi ba ne. Mai sharhin wasanni Bud Elliott ya daɗe yana nuna cewa duk wanda ya ɗauki kofin ƙasa a zamanin nan, fiye da rabin yaran da ya ɗiba a shekaru huɗun baya 'yan tauraro huɗu da biyar ne. Ku tuna TCU a kakar 2022. Ta ci Texas a Austin, ta ci Michigan, kowa na cewa zuciya ta fi tauraro. Ta haɗu da Georgia a wasan ƙarshe aka tashi 65 da 7.

A ta biyu kuwa Alhaji ne da gaskiya, kuma a nan jerin ranar sa hannu ke yaudarar mutane. An ƙirƙiro shi ne a zamanin da in yaro ya sa hannu to ya shiga ke nan, in ya ce zai sauya makaranta sai ya zauna shekara guda bai buga ba. Daga 2021 aka cire wannan takunkumin. Yanzu sa hannu kamar kuɗin na-gani-ina-so ne, ba ɗaurin aure ba. Don haka in za ka auna zubin maƙwabta biyu, jira shekara uku ka ƙirga wasanni nawa yaran suka buga wa makarantar da ta ɗauke su, ba wa wata ba.

Akwai kuma wani abu da ba a cika dubawa ba: wane gurbi aka cike. A&M ta tara ƙattin 'yan tsaron gaba fiye da yadda fili zai ɗauka. Mutum huɗu ne ke tsayawa a layin nan a lokaci ɗaya. Ka tara shida ko bakwai, kowa an gaya masa tun yana shekara 15 shi ne sarki, dole wasu su zauna a benci suna duba waya. Texas kuwa ta san ciwonta, katangarta ce ke yoyo a 2021, sai ta zuba ƙarfinta a nan. Banks ya fara wasa tun makonsa na farko a gefen hagu kuma bai bar gurbin ba har ya tafi. Maki bai san wannan ba, tarawa kawai yake yi.

Baban Ummi (Houston): Malam ya gama magana. A rufe taro da addu'a.

Injiniya Aggie: Malam ɗan Oklahoma ne, an ci su 34 da 3 a Dallas bara, tun lokacin yake lallaɓa ku.

Malamin Lissafi: Wannan kuma ba ya cikin ajanda.

Maman Khalil (Katy): Sannunku da hira. Ina ta karantawa ina dariya, amma ku ba ni dama in faɗi ɓangaren da ku ba ku gani daga kan kujera. Ɗana yana aji na uku a sakandare, yana buga baya a tsaro. Ku kuna maganar taurari kamar daga sama suke saukowa. Yaro ba ya samun tauraro sai an gan shi, kuma ba a ganinsa sai iyaye sun kai shi sansanonin gwaji. Bazarar da ta wuce mun yi Dallas, mun yi San Antonio, mun yi wata jiha ma, ga kuɗin rajista ga otal ga mai. A wani sansanin yara sun fi ɗari uku, aka auna tsayinsa, ya yi gudu sau biyu, shi ke nan. Wanda iyayensa ba su da hali ko ba su san hanya ba, ko ya fi kowa iyawa, sunansa ba zai hau ko'ina ba. Wani mataimakin koci ya yi wata biyu yana kiran yaron nan kullum, har da tambayar lafiyata. Ranar da wani yaro da suka fi so ya amsa musu, ɗif. Ko saƙo ba ya mayarwa. Yaro ya kwana uku ba ya cin abinci sosai. To in yara suka koyi cewa abin ciniki ne, suka shiga ƙofar sauya sheƙa, kada a ce ba su da amana. A wajen manya suka koya.

Baban Ummi (Houston): Hajiya, Allah ya sa albarka, ya buɗa masa inda ya fi alheri. Gaskiya kika faɗa.

Injiniya Aggie: Amin. Anti, ki gaya masa ya dubi wanda aka fara kira a Green Bay. Cam Ward ɗan West Columbia ne, kudu da Houston kaɗan. Ya gama sakandare ba shi da tauraro ko ɗaya, saboda makarantarsu gudu da ƙwallo suke yi, ba a jifa. Incarnate Word ta San Antonio ce ta ɗauke shi, daga nan Washington State, daga nan Miami, Tennessee ta ɗauke shi na 1. Ashton Jeanty a Frisco ya yi sakandare, ya tafi Boise State, bara ya yi gudun yadi 2,601, Raiders suka ɗauke shi na 6. Duk a ƙofar gidanmu suka tashi, da mu da su Alhaji babu wanda ya same su.

Bazazzagin Tuscaloosa: Injiniya, yanzu ka koma cewa taurari ba komai ba ne? Ɗazu da su kake tinƙaho.

Injiniya Aggie: Ban ce ba komai ba ne. Cewa na yi akwai masu zamewa. Mu ma shaida ne, Johnny Manziel tauraro uku ne ya zo ya ci Heisman a 2012, kuma a filinku ya yi muku abin da ya yi. Har gida ma mun yi wannan kuskuren: Nic Scourton ɗan Bryan ne, garin da ke manne da College Station, muna can muna farautar yaran Florida da Tennessee ya tafi Purdue. Sai da ya yi suna muka dawo da shi, shekara ɗaya ya yi mana, Carolina ta ɗauke shi a zagaye na biyu.

Malamin Lissafi: Sai dai a yi hattara da irin waɗannan misalan. 'Yan tauraro biyar talatin ne, marasa tauraro da 'yan uku dubbai ne. In mutum ɗaya cikin dubbai ya fito dole a yi ta ba da labarinsa, sauran da suka koma sayar da inshora ba mai ambatonsu. Stetson Bennett ya shiga Georgia ba tare da an ba shi ko tallafin karatu ba, ya ɗauki kofi biyu a jere, gaskiya ne. Amma a duba su wa suka kewaye shi.

Ɗan Fagge: Ni dai abin da ya ɗaure min kai, jami'a ta ba koci dala miliyan 75 don ya tafi gida ya huta. Daga kuɗin makarantar ɗalibai?

Injiniya Aggie: A'a, daga asusun sashen wasanni da attajiran tsofaffin ɗalibai.  Mutanen nan tun 1939 rabonsu da kofin ƙasa, akwai dattijon da zai ba da rabin dukiyarsa ya gani kafin ya mutu.

Baban Ummi (Houston): Alhamdu lillahi, da bakinka ka faɗi 1939. Ni kunya ta hana ni.

Injiniya Aggie: Ku ma tun kofin da Vince Young ya ci muku a Janairun 2006, shekara goma sha tara ke nan kuna cewa Texas ta dawo. Kuma tunda Malam ya ce a auna da abin da yaro ya yi wa makarantar da ta ɗauke shi, to a auna ku da mudun. Kuna alfahari an zaɓi mutum 12 daga Texas bana. Quinn Ewers a Ohio State ya fara sa hannu. Matthew Golden daga Houston kuka ɗauko shi. Kun ci Nolen ɗin wasu, kuna yi mana dariya an ci namu. Sannan Ewers ɗin nan, wanda aka ba makin da ya kai ƙoli yana sakandare, sai zagaye na bakwai Miami ta tsince shi. Bara da duk taurarinku Georgia ta ci ku sau biyu, 30 da 15 a Austin, 22 da 19 a wasan ƙarshe na SEC a Atlanta, Ohio State ta ƙarasa ku 28 da 14.

Baban Ummi (Houston): Kafin mu je Atlanta ta ina muka bi? 30 ga Nuwamba, Kyle Field, 17 da 7. Shekara goma sha uku ba mu haɗu ba tun da kuka gudu SEC a 2012, kuna cewa kun fi ƙarfinmu. Muka biyo ku har can. Bakwai ɗin ma 'yan tsaronku ne suka ci muku, masu kai hari ko maki ɗaya ba su kawo ba. A filin nan ranar, yaran 2022 na ɓangarorin biyu suna shekararsu ta uku, lokacin da ya kamata zubi ya nuna kansa. Namu suna cikin fili. Naku suna Ole Miss da Oregon da Alabama suna kallo a talabijin.

Bazazzagin Tuscaloosa: Overton kam muna godiya, yaron kirki ne.

Malamin Lissafi: Alhaji, kafin ka yi nisa. Bana ku ne na ɗaya a jerin zubin 2025. Kujerar da Injiniya ya zauna a 2022 ita kake kai yanzu. Kuma mai jifanku Arch Manning, na ɗaya a yaran 2023, wasa biyu kacal ya fara a 2023 da 2024, an riga an ɗora masa Heisman a ka. In gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta ka san sauran.

Baban Ummi (Houston): Bambancin shi ne Arch ya zauna a benci shekara biyu bai nemi ƙofa ba. Wannan kaɗai ya gaya maka irin gidan.

Injiniya Aggie: Wanda kakansa da baffanninsa biyu suka yi NFL ba ya gaggawar kuɗi, Alhaji. Ba gidan ba ne, gadon ne. Mu dai kocinmu Mike Elko ya fara gyara. Ya san wurin, shi ne mai tsara tsaronmu kafin ya tafi Duke. Shekararsa ta farko mun fara da 7 da 1 kafin abin ya zame a Nuwamba. Ba ya farautar kanun labarai, wanda zai zauna yake nema. Marcel Reed da ya karɓe gurbin Weigman ba tauraro biyar ba ne.

Maman Khalil (Katy): Wato yanzu kai ma ka dawo kan maganar Malam.

Injiniya Aggie: Anti kada ki haɗa kai da su. Ni ban janye ba, zubin 2022 shi ne mafi ƙarfi da aka taɓa sa wa hannu. Riƙon ne ya gagara.

Baban Ummi (Houston): Bana wasan a Austin ne, ƙarshen Nuwamba. In kun ci, ragon suna na Ummi in Allah ya sauke ta lafiya kai za ka zaɓi cinya. In mun ci, kilishin da surukarka ke aiko maka daga Kano, rabi nawa ne. Malam shaida.

Injiniya Aggie: Na karɓa. Amma kashi ɗaya cikin uku, madam ba za ta yarda da rabi ba.

Maman Khalil (Katy): Malam, kafin ku watse, akwai sansani biyu a watan Yuni rana ɗaya, ɗaya na babbar makaranta ɗaya na ƙarama a San Antonio. Babansa ya nace sai babbar. Ni kuma bayan labarin Cam Ward ɗin nan raina ya rabu biyu. Wanne za mu je?

Malamin Lissafi: Hajiya, ki fara tambayar kocinsa na sakandare wace a cikin biyun ta taɓa kiransa a kan Khalil. In ƙaramar ce ta kira, ku tafi San Antonio. Zan turo miki sauran bayani ta gefe bayan la'asar.